Koren shayi bai tsare hantar maigidana ba

Maigidana mutum ne mai karatu, kuma karatun nan nasa yana cikin abin da ya jinkirta mana zuwa asibiti. Duk maganar da ka kawo masa yana da amsarta a baki, da shekarar da aka yi binciken, da ƙasar da aka yi shi. Ya daɗe yana shan giya kafin in sani, ya kuma ci gaba bayan na sani. Ba irin mashayin da ake kwasowa a bakin titi ba ne. Ba ya makara wajen aiki, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, yaranmu ba su taɓa ganinsa yana tangaɗi ba. Sai dai kowane dare, da zarar gida ya yi shiru, zai shige ɗaki ya turo ƙofa. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi lallashi, daga baya na koma addu'a da rufin asiri.

Koren shayi ya shigo gidanmu ne bayan wani gwajin jini da aka yi musu a wurin aiki. Sakamakon ya nuna wasu alamomin hanta sun ɗan haura fiye da yadda ya kamata. Likitan da ya duba takardar ya tambaye shi ko yana shan giya, ya ce sama-sama. Aka ce ya bari, ya dawo a sake gwaji. Bai koma ba. Intanet ya shiga, ya yi dare biyu ko uku yana karatu, sai ga shi da kwalayen shayi da sabon fulas.

"Maman yara, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Na gano inda matsalar take, na kuma gano maganinta."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma sai daga baya na gane cewa rabin bayanin nasa gaskiya ne tsagwaronta. Ya ce kusan duk giyar da mutum ya sha, fiye da kashi 90 cikin 100, hanta ce ke sarrafa ta. Da farko takan mayar da ita wani sinadari mai suna asetaldihayid, wanda ya fi giyar kanta guba, sannan ta sake narkar da shi ya zama abin da jiki zai iya ƙonawa. In sha ya yi yawa, gubar kan taru kafin hanta ta gama da ita, a lokaci guda kuma wasu ɓarɓashin sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta suna fitowa daga aikin. Shi kuwa koren shayi, ganye ɗaya ne da baƙin shayi, bambancinsu kawai shi ne ana turara shi ko a gasa shi da zarar an tsinko, don haka sinadaransa da ake kira katekin ba sa lalacewa. Babbansu shi ne EGCG, kuma aikinsa kama waɗancan ɓarɓashin. Ya nuna mini wani bincike da aka buga a 2002 daga Jami'ar North Carolina ta Amurka, inda aka ɗura wa ɓeraye giya, wasu aka haɗa musu da tataccen koren shayi, aka tarar hantar waɗanda suka samu shayin ba ta lalace kamar ta sauran ba. Ya ƙara da wani na Japan na 1995, a kan maza 1371, inda masu shan kofi 10 ko fiye a rana suka fi kyawun gwajin hanta.

Ni me na sani? Na ga mutum ya damu da lafiyarsa, na ce ko wannan ne mafarin shiriya. Da hannuna nake dafa masa ruwan, in bari ya ɗan huce don kada shayin ya yi ɗaci, in cika masa fulas ya tafi da shi ofis.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya sa nake ba da labarin nan. Kafin shayin, maigidana yana jin tsoron abin da yake sha. Wani daren zai zuba ya tsaya, wani makon ma ya yi kwana biyu bai taɓa ba saboda ya ji nauyi a gefen cikinsa na dama. Tsoron nan shi ne ɗan linzamin da ya rage masa. Da shayi ya zo, sai tsoron ya tafi. Ya koma yin lissafi: in ya sha kaza da dare, gobe sai ya ƙara kofi kaza ya biya bashin. Kwalbar da a da take kai masa kwana da yawa ta koma ƙarewa nan da nan. In na yi magana sai ya nuna mini fulas ya ce, "Ai ga mai gadi nan." Har barkwanci yake yi da abin. Wani abin kuma, shayin yana da kafeyin, in ya sha da safe sai idonsa ya buɗe, nauyin kai ya ragu, sai ya ɗauka jikinsa ya wanke ke nan. Alhali kafeyin ba ya rage ko ɗigon giya a jini, ba ya kuma sa hanta ta yi sauri. Farkar da mutum kawai yake yi.

Hanta kuwa ba ta da ƙorafi. Ba ta ciwo irin na haƙori da zai hana ka barci. Tana iya lalacewa shekara da shekaru mutum yana harkokinsa, saboda ɓangaren da ya rage lafiya yana ɗaukar aikin wanda ya mutu. Shirun nan nata shi maigidana ya ɗauka shaida ce cewa dabararsa tana aiki.

Daga nan ya ga shan kofi bakwai ko takwas a rana wahala ce, ga yawan fitsari. Sai ya sayo kafso na tataccen koren shayi, irin waɗanda ake tallar su don rage ƙiba da wanke hanta. A jikin robar an ce ɗaya ya kai kofuna da yawa. Yana haɗiyar biyu da sassafe kafin ya sa komai a cikinsa, wani lokaci ya ƙara da dare. Ya ce a haka jiki ya fi tsotse shi. Wannan ma gaskiya ne, kuma nan haɗarin yake.

Cin abinci ne ya fara raguwa. Ya riƙa ture kwano yana cewa ƙamshin ma tayar masa da zuciya yake. Ya rame a kafaɗu da hannuwa amma cikinsa yana ƙara fitowa, har yana wasa wai tumbin manya ne. Fitsarinsa ya yi duhu. 'Yarmu ƙarama ce ta fara faɗa, ran nan yana ɗaura mata igiyar takalmi ta kalle shi ta ce, "Abba, me ya sa idonka ya zama rawaya?" Na ja shi bakin taga na ɗaga fatar idon. Farin idon nan ya rine sarai, har ƙasan harshensa. Na sunkuya na danna ƙwaurinsa da babban yatsa, na ɗauke, ramin ya zauna bai ciko ba. Ya ce shawara ce kawai, za ta wuce. Ranar ban roƙe shi ba. Na ɗauko makullin mota na tsaya a bakin ƙofa har ya tashi.

Likitar da ta karɓe mu mace ce mai sanyin magana. Bayan an ɗebi jini an yi hoton ciki, ta ce in koma gida in kwaso duk wani abu da yake sha ko yake haɗiya, kada in bar ko ɗaya. Na zo da leda cike. Ta zazzage a kan tebur. Kwalin shayin ta duba ta ture gefe. Robar kafson kuwa ta ɗaga, ta juya bayanta, ta daɗe tana karantawa, sannan ta tambaye shi nawa yake sha a rana da kuma lokacin da yake sha. Da ya faɗa, sai ta ajiye biro.

Ta ce, "Malam, shayin da ake jiƙawa a ruwan zafi daban, wannan daban." Ta yi mana bayanin cewa a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba lamarin, ta ce shayin da ake dafawa a sha yadda aka saba ba shi da matsala ga yawancin mutane, domin abin da mai shansa yake samu na EGCG a rana bai cika wuce miligiram 90 zuwa 300 ba. Amma a kafso, daga miligiram 800 zuwa sama a rana, an ga alamomin raunin hanta suna tashi a jinin mutane. Tun a 2003 Faransa da Sifen suka janye wani maganin rage ƙiba mai suna Exolise daga kasuwa saboda mutanen da hantarsu ta kamu, kuma tataccen koren shayi ne a cikinsa. A 2022 Tarayyar Turai ta sa doka cewa abin da za a sha a rana kada ya kai miligiram 800, a kuma rubuta a jiki cewa kada a sha shi ciki babu komai. Muka lissafa nasa tare da ita, ya wuce wannan iyakar, a kan hantar da giya ta riga ta jigata. Garin neman gira, ido ake shirin rasawa.

Ko a kan gadon asibiti bai bar musu ba. Da murya ƙasa-ƙasa ya kawo mata maganar ɓerayen nan. Ba ta yi masa dariya ba, ta san binciken. Ta ce binciken gaskiya ne, amma makonni 4 aka yi ana ɗura wa ɓerayen giya, shi kuma shekara nawa ya yi? Ta ce ko a ɓerayen ma shayin bai hana kitse taruwa a hanta ba, mutuwar ƙwayoyin hantar ya rage. Na Japan kuwa, an duba mutane ne sau ɗaya an ga masu yawan shan shayi gwajinsu ya fi kyau, wanda ba ya nuna shayin ne ya jawo hakan, don mai shan kofi 10 na shayi a rana rayuwarsa ta bambanta da ta wani ta fuskoki da dama. Sannan ta faɗi maganar da ta rufe masa baki: babu wani gwaji a kan mutane da ya nuna cewa mai shan giya da yawa zai tsira daga lalacewar hanta don yana shan koren shayi.

Ta zana mana matakai uku a bayan takarda. Na farko kitse ne ke taruwa a hanta, kuma kusan duk mai yawan sha yana da shi, wajen mutum 9 cikin 10. Wannan in an daina sha yakan washe cikin makonni. Na biyu kumburi, wanda shi ke kawo shawara da zazzaɓi, kuma in ya yi tsanani yana kisa cikin ɗan lokaci. Na uku tabo: naman hanta mai laushi ya koma tauri, jini ya kasa ratsa ta yadda ya kamata, ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin maƙogwaro su kumbura har su iya fashewa mutum ya yi aman jini. Ba kowane mashayi ne ke kaiwa nan ba, wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na masu yawan sha ne. Maigidana yana da na biyu, na uku kuma ya fara. Na tuna gwajin nan na wurin aiki. Mai yiwuwa a lokacin a mataki na farko yake, inda barin sha kaɗai ya isa.

Ya ce to daga yau ya bari, a sallame shi ya je gida ya yi jinya. Ta ce ko kusa. Wannan ne abin da ban taɓa sani ba, kuma ina so duk matar da ke cikin halin da na shiga ta sani: mutumin da jikinsa ya saba da giya kullum, yanke ta farat ɗaya ba tare da likita ba yana iya kashe shi. Cikin awa 6 zuwa 24 karkarwa da zufa suke farawa, wasu jijjiga ta biyo baya, a kwana na biyu zuwa na uku kuma wasu hankalinsu ya gushe gaba ɗaya. Na ga abin da idona. Na miƙa masa kofin ruwa, hannunsa na rawa har ruwan ya zube a ƙirjinsa, bakin kofin yana bugun haƙoransa ƙas-ƙas. Cikin dare ya riƙo hannuna yana ce mini in kore ƙwarin da ke bin bango, bangon kuwa fari tas. Ma'aikatan jinya suna ba shi maganin kwantar da jijiyoyi bisa awo, da allurar bitamin B1, don masu shan giya sukan rasa shi, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa. Ni dai ina gefe ina ta salati.

Alhamdulillahi, ya tsallake. Da aka tsayar da giya da kafson, lambobin jinin suka riƙa sauka, rawayar ido ta washe a hankali, cikin ya saɓe bayan an sa shi kan maganin fitar da ruwa an kuma rage masa gishiri. Na tambayi likitar wanne ne ya kwantar da shi, giyar ko kafson. Ta ce tabon aikin giya ne na shekaru, wannan babu tantama, kafson kuma ya zo ya ƙara wa hantar nauyi a lokacin da ba ta da sauran ƙarfi.

Da muka dawo gida na tattara kwalayen shayin nan zan zubar. Haushinsu nake ji kamar su suka yi laifin. A zuwanmu na gaba na faɗa wa likitar, sai ta yi murmushi ta ce, "Malama, ganyen bai yi muku komai ba. In yana so ya sha kofi biyu ko uku a rana, ya sha." Sharaɗinta kawai shi ne kada ya haɗa shi da cin abinci, saboda shayi yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe, shi kuma jininsa ya yi ƙasa, kada kuma ya sha dab da kwanciya. Kafso kuwa kada ya ƙara sha har abada, da duk wani abu da aka rubuta wa "wanke hanta". Ta hana shi magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, farasitamol ma sai gwargwadon da ta ƙayyade. Da muka fito ta ɗan tsayar da ni a baya, ta ce a gaskiya gahawa ta fi koren shayi hujja mai ƙarfi a binciken hanta, amma ba za ta faɗa masa yanzu ba, don ta lura shi mutum ne da in ya samu hujja sai ya mayar da ita lasisi. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. A ganawa kaɗan ta karance shi tsaf.

Barin giya ya fi kwanciyar asibitin wuya. Lokacin da ya fi tsanani shi ne bayan yara sun yi barci, daidai sa'ar da ya saba tura ƙofa. Zai tashi ya zauna, ya buɗe firji ya rufe, ya yi ta zagaye falo yana neman abin faɗa. An haɗa shi da mai ba da shawara kan barin shaye-shaye, likitar kuma ta rubuta masa baclofen don rage ƙishin abin, ta ce shi ne aka fi gwadawa a kan masu tabon hanta. Mai ba shi shawarar ya ce ya nemi abin da zai cike wannan sa'ar, abin da hannu zai yi. A nan ne shayin ya sami gurbinsa na gaskiya. Mun matso da shi farkon dare, muka rage ganyen don kada ya hana shi barci. Shi yake dafa ruwan, ya jira ya huce, ya zuba mana mu biyu, mu zauna ƙofa a buɗe. Ba hantarsa yake gyarawa ba, zama yake sa shi har guguwar ta wuce. Sau ɗaya ya zame ya sha, bayan rasuwar wani abokin aikinsa. Washegari da kansa ya kira likitar ya faɗa mata, abin da a da ko da wuƙa a wuya ba zai yi ba.

Har yanzu akwai inda ba mu daidaita ba. Shi yana cewa da bai sha shayin nan duk shekarun ba, da ɓarnar ta fi haka. Ni kuma ina ganin shayin ne ya ba shi ƙarfin halin ninka abin da yake sha. In muka fara wannan musu ba ma gamawa, sai ɗayanmu ya canza magana. Abin da ba ya musu a kai shi ne tabon yana nan. Duk wata 6 sai an yi masa hoton hanta da gwajin jini, saboda mai irin wannan tabo yana cikin haɗarin kansar hanta. An leƙa maƙogwaronsa da na'ura an duba jijiyoyin. An gwada mu duka ko akwai ciwon hanta nau'in B ko C, ba a samu ba, aka yi masa rigakafin B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 2.6 ne giya ta yi sanadin mutuwarsu. A da in na ji irin wannan lissafi wucewa nake yi, yanzu kuwa sai in tuna mutanen da muka kwana ɗaki ɗaya da su a asibiti, har da wani matashi da aka ja wa labule da asuba.

Kwanakin baya wani tsohon abokinsa ya zo duba shi, cikin waɗanda suke zama tare a da. Ina kawo musu ruwa na ji yana tambaya a hankali, wai wane irin kafso ne maigidana yake sha a lokacin, don shi ma an ce masa gwajinsa ya ɗan hau. Maigidana ya ɗaga rigarsa ya nuna masa inda aka soka allura aka zuƙe ruwan cikinsa. Ya ce masa ya manta da kafso, ya je a auna shi sosai, ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha ba sama-sama ba, kuma kada ya kuskura ya yanke shi kaɗai a gida. Har ya ce zai raka shi. Mutumin ya ce to, in sha Allah mako mai zuwa. An yi makonni, maigidana ya kira shi ya fi a ƙirga, kullum aiki ne ya yi masa yawa. Matarsa na samu a waya na faɗa mata abin da za ta duba: farin ido, launin fitsari, da ƙwauri in an danna.